Rasuwar Hajiya Ƙorafi, Inbatar Layin Bayan Masaƙa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka yi iya ƙoƙarinsu wajen kawo ƙwalla, Malam Zakariyya'u Nuhu, sakataren Ƙungiyar Masu Wutar Rana ta Layin Bayan Masaƙa da ke Kakuri, a madadin shaguna goma sha huɗu da masallaci guda da coci guda, yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar uwarsu kuma mai tsawatar musu, Hajiya Ƙorafi, wadda maƙwabtanmu Ibo suka fi sani da Madam Komplen. Ta rasu ranar Talata da ƙarfe ɗaya da minti ashirin da biyar na rana, a ɗakinta da ke kusurwar layi, bayan jinyar kwana goma sha tara. Shekararta bakwai a duniya. Injiniya Edith, wadda ta haɗa ta tun ranar farko, ta ce a shekarun inbata wannan ya isa a kira ta Hajiya ba tare da an yi ƙarya ba.

Saboda na nesa da ba su yi sa'ar saninta ba, marigayiyar akwati ce ta ƙarfe, shuɗiya, tsayinta ya kai ƙugun mutum, mai fuska ɗaya ta gilashi da jan maɓalli a ƙirji. Aikinta ta karɓi wutar da farantan sola suka tara daga rana, ta juya ta irin wadda injuna ke ci, ta raba wa layi. Ta iso Kakuri a bayan a-kori-kura cikin wata shekarar zaɓe, lokacin da kowane bango ke ɗauke da fuskar wani mai murmushi da ya rantse zai kawo wuta awa ashirin da huɗu. Mutanen layi sun ji irin wannan rantsuwa tun ranar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, sai suka yi karo-karo suka ce bari su gwada rana, tunda ita dai ba ta taɓa neman ƙuri'ar kowa ba kuma kullum tana fitowa.

Wanda wannan rashi ya fi taɓawa shi ne Malam Zakariyya'u, kuma dole a faɗi dalili. Shekara ashirin da biyu ya yi a masaƙa yana tsara wa ma'aikata lokutan aiki, wa zai shiga, wa zai fita. Da aka rufe masaƙar sai ya dawo benci. Ya yi shekaru a bencin nan yana kallon titi, agogonsa na ɗaure a hannu yana tafiya daidai, amma ba mai tambayarsa ƙarfe nawa. Zuwan marigayiya ne ya tashe shi. Injiniya Edith ta gaya wa jama'a cewa wutar za ta ishi kowa, amma ba za ta ishi kowa a lokaci ɗaya ba, sai an sami mai tsara wa zai kunna me, kuma yaushe. Kafin ta rufe baki tsoho ya miƙe tsaye. Aka yi zaɓe irin na zamani, da ɗaga hannu da komai, ya ci ba hamayya, aka ba shi baƙin allo da kwalin alli. In layin nan ya watse kowa ya koma kan janaretonsa, allo ya tashi aiki, shi kuma benci na nan yana jiransa. Ya san haka, kowa ma ya sani.

Marigayiya mace ce mai gaskiya, ba ta da ɓoye-ɓoye, kuma ba ta taɓa rufa wa kowa asiri ba. In ranta na daɗi sai ka ji ta tana "hmmmm" ƙasa-ƙasa kamar tsohuwa na tsintar shinkafa. In wani ya ɗora mata abin da bai cikin tsari sai ta fara da ladabi, "tit… tit… tit." In ba a ji ba ta ƙara sauri. In aka yi mata kunnen ƙashi sai ta saki "tiiiiiii" ɗin nan da ke sa masu sayen tumatir a bakin titi su waiwayo. Ita ta tona Hajiya Larai mai zoɓo ranar da ta shigo da dutsen guga a cikin buhun citta. Ita ta kama Matthew mai aski da butar lantarki a ƙarƙashin kujerar kwastoma, ruwan ma bai kai ga tafasa ba. Ba ta san babba ba, ba ta san mai gemu ba. Shi kansa sakatare ta taɓa yi masa kuwwa a gaban jama'a saboda ya jona fanka ta biyu.

Ta rasu ta bar farantan sola ashirin da huɗu a kan rufi, waɗanda har yanzu kullum suke shan rana suna tara wuta ba su san ba mai karɓa ba, abin tausayi, kuma ba wanda ya iya hawa ya gaya musu. Ta bar batura goma sha shida, 'ya'yan cikinta, jere a kan katako sun yi jugum. Ta bar kekunan ɗinki uku, da injin walda, da injin markaɗe, da wayoyin hannu da ba a san adadinsu ba. Ta bar firjin Hajiya Larai cikin mawuyacin hali, zoɓo ya yi tsami har ya fara kumbura robobi, jiya ma ɗaya ta fashe aka watse a guje. Cikin masu ta'aziyya har da tsohon abokin gabarta, janareton Mamman mai walda, wanda ya shekara bakwai a lulluɓe da tabarma, amma tun ranar Laraba ake jin sa yana gyaran murya a bayan shago.

Kafin a zo kan rashin lafiyarta sai an yi bayanin allo, don a can cutar ta samo asali.

Tsarin Malam Zakariyya'u tsari ne da har daga Romi da Unguwar Mu'azu ake zuwa kwafa. Da safe, kafin rana ta yi ƙarfi, ƙananan abubuwa ne kawai, cajin waya da aski da ɗinki. Daga hantsi wutar ta Mamman ce, ya yi waldarsa. In ya kashe sai Madam Uzoamaka, wadda layi ke kira Maman Ekene, ta kunna injin markaɗe. Daga La'asar ba wani abu mai nauyi, a bar batura su ci su ƙoshi. A damina kuwa tsoho kan fito da sassafe ya dubi sama ta wajen Romi, ya shinshina iska, in bai yarda da hadarin ba ya rataye jan ƙyalle a ƙusa, ma'ana yau rabin ciki za a ci. Doka ɗaya ce ba ta da sassauci, Injiniya ta maimaita ta sau uku tana buga tebur: walda da markaɗe kada su taɓa haɗuwa.

Da farko da ƙarfe ya rubuta lokutan, kamar yadda ya saba a masaƙa. Ai kuwa sati bai cika ba ya gane agogunan layin nan suna da son kai. Na Mamman kullum yana baya da minti goma in lokacin kashewa ya yi, na Maman Ekene kullum yana gaba da minti goma in lokacin kunnawa ya zo. Ana cikin wannan cacar baki ita Maman Ekene da kanta ta kawo shawara. Ta ce a bar maganar agogo a bi ladan, shi ba ɗan shagon kowa ba ne, kuma ba wanda zai iya murɗa shi baya. Aka tafa mata. Tsoho ya goge lambobi ya rubuta da manyan baƙaƙe: WALDA, HANTSI ZUWA AZAHAR. MARKAƊE, AZAHAR ZUWA LA'ASAR. Shekara shida da ɗoriya tsarin nan yana tafiya sumul. Tsohon masallacin bakin kasuwa na kiran salla da ƙarfe biyu saura kwata, Mamman ya cire gilashin fuska, Maman Ekene ta ce "Amin" ta danna injinta. Har ta fi wasu masu sallar sanin lokacin salla.

To, sai ga wani sabon ƙaramin masallaci an gina a ɗaya ƙarshen layi, jikin shagon Maman Ekene. Suka roƙi a ba su waya ɗaya saboda lasifika da fanka. Ƙungiya ta zauna, aka kawo ƙudiri, aka goyi baya, Matthew ya miƙe ya ce in haka ne cocin bayan layi ma a ba ta waya saboda molon lantarki na ranar Lahadi, aka ce ya yi daidai. Kowa ya tashi yana jin kansa dattijon ƙasa. Malam Zakariyya'u da hannunsa ya riƙe wa Injiniya tsani. Da ya leƙa ciki ya ga sabon kafet da fanka tana juyawa, daga ranar ya mai da sallarsa ta rana can, ya ce saboda gwiwa ne.

Washegari Hajiya Ƙorafi ta kwanta ciwo.

Ciwo ne mai ban mamaki, mai bin lokaci. Da safe garau take. Rana na karkatawa sai ta fara "tit-tit-tit-tit" ba ko numfashi, ta ja "tiiiiii", ta sume. Tsoho ya dawo daga salla ya tarar da layi ba wuta ana ta kiran sunansa. Sai ya shiga ya shafa kanta, ya ce mata sannu, ya danna jan maɓalli. Ta farfaɗo, ta yi minti goma, ta sake sumewa. Ya sake dannawa. Wata rana sau huɗu. Ƙarfe biyu na wucewa kuma sai ta warke sarai ta koma "hmmmm" kamar ba ita ba. Aka yi ta kawo shawara. Hajiya Larai ta ce maita ce irin ta masu sayar da fetur, ta zo ta yi mata turare. Matthew ya ce zafi ne, ya ba da aron mafici. Shi sakatare ya yanke hukuncin cewa tsufa ne, kowa ya kai wasu shekaru yana son ɗan rintsawa da rana, shi ma shaida ne. Bai kira Injiniya ba. Za a ce ai ɗakinta a kusurwa yake inda layin ya lanƙwasa, ana jin ƙarar kowane ɓangare, ya aka yi bai ji injuna biyu na kuka tare ba? Jama'a, mutumin da ya shekara ashirin da biyu a tsakiyar injinan saƙa, ƙarar inji a wurinsa shiru ce.

Ranar Talata ta yi kiranta na ƙarshe. Waɗanda ke kusa sun ce ba "tiiii" ba ne wannan karon, wani ɗan "tik" ne guda ɗaya, mai sanyi, sai ɗan hayaƙi da warin roba. Tsoho ya danna maɓalli har babban yatsansa ya yi ja. Hajiya ta tafi.

Injiniya Edith ta zo daga Sabon Tasha ta buɗe gawa. Ta daɗe tana dubawa, ta miƙe ta share hannu, ta ce wannan ba ajalin tsufa ba ne, kashe ta aka yi. An yi ta ɗora mata walda da markaɗe tare, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba.

Tirƙashi! Mamman ya rantse da abin da zai kashe shi bai taɓa ƙara ko ɗigon walda bayan kiran Azahar ba, matar nan ce ke satar lokaci. Maman Ekene ta kwance ɗankwali ta ɗaure a ƙugu, ta ce a kawo Baibul, ita ba ta taɓa taɓa injinta ba sai ladan ya buɗe baki, shi ne ɓarawo mai baƙin gilashi. Shagunansu ba sa hangen juna saboda lanƙwasar layi, kowa cikin ƙarar injinsa yake, don haka kowa ya tabbata ɗayan ke ƙarya. Kafin La'asar layi ya rabu biyu. Nan kuma dariya ta ɗan tsaya, don duk wanda ya zauna a kudancin Kaduna tun farkon mulkin farar hula ya san yadda magana kan fara a shago biyu ta ƙare a unguwa biyu. Aka fara jin "su" da "mu" a bakin mutanen da suka shekara bakwai suna cajin waya a soket ɗaya. Mamman ya jingina tsani da filaya a bangonsa ya ce ranar Asabar zai yanke wayarsa. Maman Ekene ta aika wa ƙanenta ya nemo mata inji mai cin fetur. In waɗannan biyun suka fita, sauran ba za su iya ɗaukar sabuwar inbata ba, ƙungiya ta mutu ke nan.

Ranar Laraba da rana Malam Zakariyya'u ya je sabon masallaci, ladan ya yi kira da baki tunda ba wuta, aka yi salla, ya dawo ya zauna a gaban allonsa. Layi tsit, ba walda ba markaɗe. Yana nan zaune yana tunanin benci, can sai ya ji kiran salla daga tsohon masallacin bakin kasuwa. Ya miƙe ya ɗauki buta har ya wanke hannu. Sai ya tsaya. Ai ya yi Azahar. Ya dubi agogonsa, biyu saura kwata. Ya tuna kiran da ya amsa ɗazu, ɗaya saura minti goma. Ya ɗaga kai ya dubi allo, ga AZAHAR nan da rubutun hannunsa mai kyau, ba sunan masallaci, kamar guda ɗaya ce tal, alhali layin yanzu Azahar biyu gare shi, tsakaninsu kusan awa guda. Maman Ekene na bin wadda ke bakin tagarta. Mamman na bin wadda ya gada. Kowa ya bi doka sau da ƙafa. Shi kuma mai dokar, shi ya riƙe tsani, shi ya fi kowa sanin sabon lokacin tunda a sahun gaba yake, shi ne kuma yake tashin marar lafiya daga suma ya mai da ita ƙarƙashin kaya. Butar ta suɓuce ta jiƙa masa takalmi.

Kwana biyu ya yi da maganar a ciki. Ya ƙi cin abinci, har mai ɗakinsa ta fara zargin ko wani abu ne tsakaninsa da marigayiyar. Tsoro ne ya kama shi, ba a ɓoye ba. In ya yi shiru layi ya watse, allo ya tafi. In ya faɗa a ƙwace allo a ba wani. Ta ko'ina ya duba bencin nan yake gani.

Jiya Juma'a da safe ya sa babbar rigarsa ya kira taron gaggawa a ƙofar ɗakin gawa. Suka zo, kowane ɓangare ya tsaya gefensa. Ya yi bayani tiryan-tiryan, da lokaci da minti, kamar yadda ake ba manaja rahoto. Ya ce Mamman mai gaskiya ne, Maman Ekene mai gaskiya ce, wanda ya kashe Hajiya ga shi tsaye a gabansu. Ya ciro alli daga aljihu ya ajiye a kan gawar, ya ja da baya.

Mamman ne ya fara magana, ya ce, "Baba, tsaya. Wato duk kwanakin nan da muke nemanka a sahu, fanka ka bi?"

Maman Ekene ta yi ƙoƙarin riƙewa, wallahi ta yi ƙoƙari. Sai ta fashe. Ta zauna daɓas a kan buhun masara tana buga cinya tana "Chineke, Allahna! Baba Sakatare, kai ne? Ni da na shirya zagi na kwana uku, yanzu ina zan kai shi?" Mamman ya ce ta ba shi rabi ya haɗa da nasa su sauke wa tsoho. Dariya ta kama layi har Hajiya Larai ta nemi a riƙe ta. Da aka lafa Matthew ya kawo ƙudirin a karɓi murabus ɗin sakatare. Ba wanda ya goyi baya, shi ma da ya ga haka ya janye ya ce gwaji yake. Tsoho ya juya zai tafi duk da haka, kunya ta ishe shi, sai ya ji an riƙe masa riga ta dama da hagu. Maman Ekene ta ce, "Ina za ka? Ka kashe mana uwa ka gudu? Kai za ka yi renon ta gaba." Mamman ya ɗauki alli ya cusa masa a aljihu, ya ce hukuncinsa shi ne kullum ya taka da ƙafarsa ya ce wa mai walda kashe, sannan ya taka zuwa ɗaya ƙarshen ya ce wa mai markaɗe kunna, gwiwa ko ba gwiwa. Hannu goma sha huɗu suka tashi.

Saboda haka ga tsarin jana'iza. Za a fito da gawa gobe Lahadi da ƙarfe huɗu na yamma, bayan an taso daga coci an kuma idar da La'asar a duka masallatan biyu. An yi doguwar muhawara kan addinin marigayiya, aka tsaya a kan cewa ta yi wa kowa hidima kuma ta yi wa kowa tsawa, don haka kowa ya yi mata irin tasa. Mamman zai kama gaba, Maman Ekene da mata za su bi da waƙa, za a zaga da ita layi daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a tsaya minti ɗaya a ƙofar kowane shagon da ta taɓa tonawa. Injiniya Edith za ta cire abin da ke da sauran amfani a cikinta saboda magajiyarta, wadda ake sa ran isowarta nan da sati biyu. Sauran za a miƙa wa 'yan gwangwan da girmamawa. Za a raba zoɓo, wanda ya sha ya sha don kansa. Ana roƙon masu janareto su kashe na tsawon awa ɗaya, musamman na bayan shagon Mamman.

Za a karɓi gaisuwa a bakin allo, wurin Malam Zakariyya'u. Iyalai na roƙon alfarma ɗaya. In kun zo kun same shi kusa da gawa yana washe baki, ko yana feɗuwa, ko yana ɗan taka rawa a zatonsa ba a gani, kada ku ɗauka rashin tausayi ne. Ya yi ƙoƙarin ɓata fuska tun jiya, abin ya ƙi. Ranar da aka sallame shi daga masaƙa ba wanda ya ko ɗaga kai, jiya kuwa har rigarsa aka yaga don kada ya tafi, kuma ya hana a ɗinke.

Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya kuma ba tsoho ƙarfin gwiwa.